Kunkurun shago da kunkurun mai kiwo: abin da na gani a Houston

Ɗana Abba ya shekara yana roƙona in saya masa kunkuru, ni kuma ban iya hana shi ba, domin a gidan kakana a Damagaram akwai wani ƙaton kunkuru da muke hawa bayansa muna yara. Sai muka nufi wani babban shagon dabbobin gida a nan birnin Houston na jihar Texas, a Amurka.

Shagon tsaf yake, ga hasken fitilu, ga akwatunan gilashi a jere. Saurayin da ya tarbe mu akwai fara'a, amma duk abin da na tambaye shi sai ya leƙa 'yar takardar da ke manne a jikin akwatin. Shekarunsa nawa? Ya ce jariri ne. Daga ina aka kawo shi? Ya ce daga wurin dillalinsu. Muka biya, ya haɗa mana da akwati da latas, muka tafi gida.

Mako biyu kunkurun bai taɓa abinci ba. Idanunsa suka kumbura, hancinsa na fitar da kumfa. Likitar dabbobi tana juya shi ta nuna mini yadda ƙoƙon bayansa ya goge ya yi tabo, ta ce wannan babba ne, irin kunkurun Rasha, waɗanda galibinsu daga daji ake kamo su a ƙasashen tsakiyar Asiya kamar Uzbekistan. Ta duba kashinsa, ta samu tsutsar ciki fal. Kuɗin magani ya fi kuɗin sayensa, kuma duk da haka bai kai wata huɗu ba ya mutu. Abba ne ya tarar da shi da safe. Har yau idan na tuna yadda ya tsaya riƙe da shi yana cewa "Baba, ya ƙi motsi", sai raina ya ɓaci. Da na koma shagon, aka ce kwanakin da suke karɓar koke sun wuce.

Likitar ce ta haɗa ni da wata dattijuwa mai kiwon kunkuru, tafiyar awa biyu daga gari. Irin namu na Sahel take kiwo, wanda a nan suke kira sulkata, na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Tun shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da shi saboda kaskar da ke ɗauke da cutar shanu da tumaki, shi ya sa 'yan ƙananan da ake sayarwa a nan, a nan aka ƙyanƙyashe su.

Kafin ta nuna mini ko ɗaya, ita ta fara yi mini tambayoyi. Tsakar gidana kafa nawa ce? Ina zan ajiye shi idan aka yi matsanancin sanyi irin wanda aka yi a Texas a Fabrairun 2021? Na san zai iya haura kilo 40, ya haƙa rami ƙarƙashin katanga, ya kuma rayu fiye da shekara 50? Sannan ta zaga da mu muka ga uwa da uban ɗan kunkurun da za mu saya suna kiwo a ciyawa, ta ɗauko littafin da ta rubuta ranar da ya fito daga ƙwai da nauyinsa na kowane wata. Ta shafa bayansa ta ce in ji yadda yake sumul. Bushewa tun yana ƙarami ce ke sa ƙoƙon ya yi tudu-tudu, don haka a riƙa jiƙa shi a ruwa mai ɗumi. Abincinsa ciyawa ce, latas ba ya riƙe shi. Idan a ɗaki yake, dole fitilar UVB, wadda ke ba shi irin hasken rana da jikinsa ke buƙata, in ba haka ba ƙashinsa ya yi laushi.

Nata wurin ma yana da wahalarsa. Ta fi shagon tsada, ba ta amsa waya da wuri, kuma sai da muka jira wata biyar har ya haura inci 4, domin tun 1975 doka ta hana sayar da wanda bai kai haka ba saboda ƙwayar cutar salmonella mai sa mutane gudawa da zazzaɓi. Ban ji ciwon jiran ba, don a cikinsa na gina masa ɗan ɗaki mai ɗumi a bayan gida.

Yanzu shekararsa biyu a wurinmu. Kowane ƙarshen wata Abba yana ɗora shi a sikeli, mu tura mata hoton, ita kuma ta rubuta a littafin nan nata.