Gargaɗi: mai zanen gidan tsattsewa ya cinye mini ringgit 48,000

Ringgit 48,000, kuɗin Malesiya. Kuɗin da na tara da sayar da kayan waya a Kuala Lumpur, wani ɗan damfara ya yi sama da faɗi da su da sunan zai zana mana gidan tsattsewa ya gina. Kunya ce ta sa na yi shiru tuntuni, sai jiya aka turo mini tallarsa daga wani zauren WhatsApp na 'yan Kano, na ce wallahi sai na tona masa asiri.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ya ja ni, ku sani sana'ar nan gaskiya ce. A Malesiya da Indonesiya akwai wata irin tsattsewa da ke gina sheƙarta da yawunta zalla, 'yan Chana na saye da tsada su yi miya da ita. Ku je Sitiawan a jihar Perak ku ga benaye marasa taga, lasifika a samansu na ta kukan tsuntsu. Mutane na cin abinci da ita.

Can ɗan damfarar ya kai ni. Muka shiga wani bene hawa uku, duhu ƙirin, warin kashin tsuntsu ya cika ko'ina. Ya haska tocila sama, sai ga sheƙuna farare sun jeru a jikin katako, kowace kamar rabin kofin shayi. Ya danƙa mini na'urar auna danshi a hannu, tana nuna 85, ya ce a hankali, "Abang (wato yayana), wannan zanena ne." Wannan tocilar ce ta hana ni barci har yau. Na gani da idona, na shaƙi warin da hancina, na riƙe na'urar. Ku gaya mini wa zai ga haka ya ce ƙarya ce?

Kuma mutumin ya san aikin. Ya ce zafin cikin ginin ya tsaya tsakanin digiri 26 da 29, danshi kashi 80 zuwa 90, katakon meranti a tsattsaga shi don yawu ya kama, ƙofar shiga a saman bene, a bar musu fili su yi shawagi kafin su kutsa ɗakin sheƙa, a tare mujiya da ɓera da kyankyaso. Na bincika, duk daidai. Shi da bakinsa ya ba ni labarin yadda Chana ta dakatar da sayen sheƙar Malesiya a 2011 saboda wani sinadari da aka samu ya yi yawa a ciki, farashi ya rushe. Wane ɓarawo ne ke faɗa maka aibin hajarsa? Har sallar la'asar muka yi tare a hanya.

Na tura 12,000 kuɗin zane, sannan 36,000 na kasona a hawa na biyu. A'a, 36,000 ɗin ne farko, don ya ce saura mutum ɗaya a rufe, zanen daga baya ya zo. Ko ma dai yaya ne, 48,000 cif, rasit na hannuna.

Da na gaji da "wata mai zuwa" na je wurin ginin namu da kaina. Wannan ma bayan ya daina ɗaga waya ne, ko kafin nan, na rasa. Ginin da na tarar kango ne: rufin kwano, bango siriri, zafi ya hana ni tsayawa ciki, haske na shiga har ƙurya, katakon duk ya yi fumfuna, wayoyin lasifika na reto ba a haɗa su da komai ba. Ko gashin tsuntsu ɗaya babu. Babu lasisin ƙaramar hukuma, babu rajista da hukumar kula da lafiyar dabbobi. Wani dattijo ɗan Chana mai irin wannan gida a kusa ya karɓi zanen da na biya wa 12,000, ya juya shi, ya nuna mini an dasa matakala daidai hanyar da tsuntsu zai bi, ya girgiza kai kawai. Shi ne ya gaya mini benen tocila ba na mutumin ba ne, maigadi yake ba wa na goro ya buɗe masa.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Lambarsa a kashe take.

Yanzu wai a Najeriya zai gina wa mutane. Jama'a, tsuntsun nan na kudu maso gabashin Asiya ne, tsattsewarmu da laka da ciyawa da gashi take gini, ba mai saye. Kada ku tura ko sisi. Na Malesiya kuma, ku nemi takardar mallakar gini da lasisi kafin komai.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin 36,000 da na 12,000 zan ɗora su da daddare, in na rufe shago.