Dron ɗinka ya faɗi: me za ka saya, me za ka bari?

Ranar da dron ɗina mai farfela inci 5 ya rungumi reshen darbejiya a bayan filin ƙwallon unguwarmu, na tsinto shi hannu ɗaya a karye, farfela uku sun lanƙwashe, inji ɗaya kuma sai karkarwa yake in an ba shi wuta. A daren na yi odar sabon ESC, allon da ke raba wa injuna wuta. Kaya suka kwashe makonni a hanya. Ina kwance tsohon domin in ɗaura sabon sai na ga ashe waya ɗaya ce daga cikin ukun injin ta sauka daga dalmarta, ta ɓoye a ƙarƙashin tef. Aikin minti biyar da kan ƙarfe mai zafi. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka sayayyar farko ba ta jikin jirgin ba ce. Mita ce ta gwada wuta, irin wadda masu gyaran waya ke amfani da ita, ko a Farm Centre ta Kano za ka same ta. Mai araha ta isa muddin tana kuka idan waya biyu suka haɗu. Cire farfela duka huɗu tukuna, sannan ka ɗora bakunan mitar a kan jan waya da baƙar waya na filogin XT60, inda ake jona batir. Ɗan ƙara na daƙiƙa ɗaya ba komai ba ne, kafasita ce ke cika. Kukan da bai tsaya ba shi ne alamar wuta ta haɗu a wani wuri, kuma kada ka kuskura ka jona batir. Abu na biyu shi ne fis ɗin da ake sawa tsakanin batir da jirgi a jonin farko bayan gyara. Akwai na kanti irin Vifly ShortSaver, mai yanke wuta nan take, akwai kuma na haɗin gida da ƙwan fitilar mota. Na gida yana aiki, amma ƙwan bolt 12 guda ɗaya ba zai jure batir 6S ba, wato mai sel shida, wanda ke kai bolt 25.2 in ya cika. Sai ka jera biyu. Ni na kantin na zaɓa, domin kuɗinsa bai kai na allon da yake karewa ba ko kusa.

Farfela ba ta buƙatar dogon tunani. Wadda ta lanƙwashe ko bakinta ya gutsire, jefar da ita, kar ka miƙar. Gemfan ko HQProp, duk wadda ka samu, ka sayo da yawa.

Inda ake asarar kuɗi shi ne tsakanin inji da ESC, domin ciwonsu kama ɗaya yake yi: injin ya yi ta tsuma ya ƙi juyawa. Juya shi da yatsa. In ka ji yana gurzawa, leƙa ciki kafin ka yanke masa hukunci. Ƙasarmu tana da ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisu 14 da ke cikin murfin kuwa suna kwashe shi kamar tsintsiya, sau da yawa burushi ne kawai maganin. In murfin yana lilo yayin juyawa, sandar ta lanƙwashe ko murfin ya lotsa. Sai ka auna wayoyin nan uku biyu-biyu, awon ya zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ta yi kuka da gindin injin. Idan ta yi, duba sukurorin da suka ɗaure shi: hannu in ya tsage, ko aka canza shi da siriri, sukuru yakan zarce ya taɓa naɗin wayar, shi kuwa kabon da aka yi hannun da shi yana ɗaukar wuta. Naɗin da ya yi baƙi yana warin ƙuna ya gama yawo. Sai injin ya tsallake duk wannan za ka mai da shi wani gurbin ESC ka gwada a Betaflight, manhajar saita jirgin ta kwamfuta. In tsumar ta bi shi, nasa ne, in ta tsaya a gurbin farko, ESC ne. Kar ka fara da wannan musanyar, domin injin da ya ƙone yana iya kashe maka gurbi mai lafiya.

To in injin ne, zaɓi uku ne a gabanka. Wasu kamfanoni suna sayar da murfi shi kaɗai, kuma in naɗin wayar lafiya lau yake, wannan ya fi komai sauƙi, sai dai samunsa sa'a ce. Za ka iya sayen inji ɗaya irin naka sak. Ko ka canza huɗun gaba ɗaya. Shawarata ita ce ta tsakiya, amma ka sayi biyu, ɗaya ya zauna a akwati. In irin naka ya ɓace a kasuwa, nemi mai girma ɗaya, 2207 da 2207 ko 2306 da 2306, kuma lambar KV, wato yawan juyin injin a minti kan kowane bolt, ta yi kusa. Masu 6S suna zama ne wajen 1700 zuwa 1950, masu 4S wajen 2400 zuwa 2750. Ɗan bambanci kaɗan ƙwaƙwalwar jirgin, allon da ke daidaita tashinsa, za ta shanye shi. Haɗa na 4S da na 6S kuwa neman wata faɗuwar ce. Canza huɗun sai in boris ɗinsu duk ya fara kuka, ko kuma dama kana shirin barin 4S.

In ESC ne, nan ne ya kamata ka zauna ka yi lissafi. Akwai tsohon yayi, ESC huɗu, kowanne a kan hannunsa. Wanda ya mutu shi kaɗai za ka canza, amma suna zaune ne daidai inda farfela ke sara, ga tulin waya. Akwai huɗu-a-ɗaya, wanda yawancin masu inci 5 ke amfani da shi yau: yana ɓoye a tsakiyar jirgi, ƙwaƙwalwa a samansa, sai dai gurbi ɗaya in ya ƙone allon duka ya tafi. Sai kuma AIO, wanda ya haɗe ƙwaƙwalwa da ESC a allo guda. Ba shi da nauyi, a kan ƙaramin jirgi ba shi da na biyu, amma a kan inci 5 da ake koyon tuƙi da shi ba na ba kowa shawararsa. Ƙwai ne duka a kwando ɗaya, a ƙasar da kaya ke kwashe makonni kafin su iso. Huɗu-a-ɗaya mai amfiya 45 zuwa 55 ya ishi kowa. Auna ramukan sukurorinka kafin ka biya, ko milimita 30.5 ne ko 20, kuma kada ka yarda da filogin da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa don kawai ya shige; jerin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wayar batir in ta faɗa gurbin sigina sai hayaƙi. Game da manhajar ciki, an daina ci gaba da BLHeli_32 tun 2024. Wanda ke jikin jirginka zai ci gaba da tashi, amma sabon saye gara mai AM32, ko BLHeli_S da za ka ɗora wa Bluejay in aljihu ya yi sanyi. Kafasita mai bolt 35 da ke zuwa a cikin kwalin ba ado ba ce, liƙa ta.

Ƙwaƙwalwar ita kanta ba ta cika mutuwa ba. Jona ta da kwamfuta, karkata jirgin, in hoton da ke Betaflight ya bi hannunka sumul, bar ta. In dole ne ka canza, ƙwaƙwalwa samfurin F405 ta isa. F722 ta fi sauƙin jona kayan haɗi, ba wai za ka ji bambanci a iska ba.

Gangar jiki, wato firam, iri biyu ce: mai faranti guda da hannayen a haɗe, da mai hannaye da ake kwancewa. Ta farko ta fi rashin nauyi, amma hannu ɗaya in ya karye sai ka kwashe komai ka sake gini. Ta biyu, sukuru biyu ko uku ka gama. Ɗauki mai kaurin milimita 5, kuma ka tabbata mai sayarwa yana da hannayen daban kafin ka saya. Kwafin firam mai araha yakan jawo ido, na taɓa saya, kabon ɗinsa ya dinga ɓarewa kamar albasa. Hannun da ya tsage kuma kada ka yi masa sufa-gulu. Girgizar da zai aika wa ƙwaƙwalwa za ta sa injunan su yi zafi.

Duba eriyar bidiyo kafin ka ba da wuta, domin na'urar da ke aika hoto tana ƙonewa in ta yi aiki babu eriya.

Batir shi ne abin da ya fi wuyar shigowa da shi, kamfanonin jigila ba sa son ɗaukar LiPo, irin batirin dron, ta sama, shi ya sa mutum ke jin ciwon rabuwa da nasa. Duk da haka, wanda ya kumbura, ya lotsa sosai, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba a sake yi masa caji. Ajiye shi a waje kan siminti ko cikin bokitin yashi, nesa da ɗaki. Wanda fatarsa kawai ta kuje, auna kowane sel. In sun zo kusa da juna, naɗe shi da tef, ka yi masa cajin farko a tsakar gida kana zaune kusa, ka riƙa taɓa shi ko ya ɗau zafi.