Duwatsun roba da na sayo a Wunti, da wahalar da na sha wajen yi masu fenti

Tun da na ɗora hoton alkyabbobin yaran nan a status ake ta tambayata ina na samo duwatsun, wai ai an zaga garin Bauchi kaf ba a ga wannan kalar ba. To gaskiya ne ba za ku gani ba, don ni na yi masu fenti da hannuna. Bari in ba ku labarin shagon da na saya da yadda muka kwashe da su, kar wata ta je ta yi irin asarar da na yi.

Makarantar su autata ce za su yi ranar al'adu, aka ba ni ɗinkin alkyabba shida na yara mata da kambi ɗaya na wadda za ta fito a Sarauniya Amina ta Zazzau. Malamar ta ce ita dai kore shar take so da ruwan goro, ya yi walwali amma kar ya yi tsada tunda iyaye ne za su yi karo-karo. Kun san irin wannan aikin, ana son na Makka a kuɗin na Kantin Kwari.

Na shiga kasuwar Wunti wajen masu kayan ɗinki, shago na uku da na leƙa shi ne wannan ɗin, ɗan tsukuku ne in mutum biyu suka tsaya ciki na ukun sai dai ya miƙo hannu daga waje, amma kaya kam ma sha Allah, leda-leda rataye har rufi. Abin da ya fara burge ni da mai shagon bai yi min ƙarya ba. Na ɗauki wani fakiti na ce Malam wannan na gilashi ne? Ya ce a'a Hajiya wannan akirilik ne, roba ce kawai, ya zaro ɗaya daga nan ɗaya daga wata leda ya ce in ƙwanƙwasa kowanne a haƙorina. Na gilashin sanyi gare shi kuma yana ƙara ƙas ƙas, na robar kuwa shiru ba nauyi ba sanyi. Wallahi shekarata nawa ina ɗinki ban san wannan dabarar ba, da wani ne ya kantara min roba a kuɗin gilashi in tafi ina godiya.

Ƙananan, irin su SS16 ɗin nan da ba su wuce milimita 4 ba, a fakiti suke zuwa guda 1440, wato goros goma kenan tunda goros ɗaya 144 ne, kuma akwai su kala-kala. Matsalar manyan ce, masu siffar ƙwai, faɗi milimita 18 tsawo 25, waɗanda nake so a gaban kambin da bakin alkyabba, farare ne kawai suka rage masa. Har na juya zan fita ya ce Hajiya ki ɗauki waɗanda bayansu ba azurfa, garau ɗin nan kamar ruwa, ki shafa masu jan farce ta baya, kalar za ta fito ta gaba kamar da ita aka yi su. Ni dai na saya ne da shakka a raina.

Ashe gaskiyarsa. Ga yadda na yi bayan na ɓata kusan goma wajen koyo. Na shimfiɗa salatif a kan faranti gefen mai danƙo yana sama, na jera duwatsun a kife don kar su rinƙa gudu in burushi ya taɓa su. Shafin farko na jan farce mai ƙyalƙyali ne siriri, ya bushe, sannan koren ko ruwan goron sau biyu, sai na ƙarshe ruwan azurfa, wannan shi ne yake dawo da haske kamar madubi, in babu shi dutsen sai ya yi duhu ya ɗauki kalar yadin da ke ƙasansa. Kar ki cika shafin da kauri don sauri, kumfa yake yi kuma kumfar ana ganinta tar ta gaba. Kuma don Allah in lokacin hunturu ne ki kifa kwano a kai, farantina na farko na bar shi a tagar ɗaki na je ɗora tukunya, kafin in dawo ƙura ta manne masa kamar an barbaɗa yaji a tsire.

Kuskuren da ni na jawo wa kaina, wasu guda huɗu fentin ya zarce gaba sai na ɗauko rimuba, ruwan cire jan farce, na goge. Innalillahi. Nan take suka yi dishi-dishi kamar idon dafaffen kifi, saman ya yi laushi har yana kama yatsa. Asitom ɗin da ke cikin rimuba cinye akirilik yake yi, ba gyara sai shara. Haka dutsen guga, waɗannan ba irin na mannawa da zafi ba ne, roba ce narkewa za ta yi, a guge kaya tsaf kafin a sa su.

To yanzu inda shagon ya ɓata min rai. Na tambayi gam, mai shagon ya fita sallar la'asar, yaronsa ya miƙo min supa gulu ya ce Anti shi kowa ke saya. Na manna guda takwas a gaban kambin da daddare, da safe na tashi na ga wani farin hazo ya zagaye kowanne dutse har ya hau kansa, yadin wajen kuma ya ƙame ƙam kamar ganda. Kwana biyu na yi ina fentin nan fa! Sai da na sake gaban kambin gaba ɗaya. Ƙanena mai gyaran waya ne ya ba ni B-7000 da suke manna gilashin waya da shi, ya ce in ɗiga kaɗan in bar shi ya kwana. Shi kam ya riƙe, garau yake bushewa kuma yadin yana lanƙwasa abinsa. Amma sai fentin ya kwana ya bushe sosai tukuna, in ba haka ba gam ɗin yana tayar da shi, na ga hakan a guda biyu.

Na biyu, fakitin da aka ce 50 ne da na ƙirga a gida 46 na samu, a cikinsu ma biyar duk ƙarzuwa ce a fuskarsu don a leda ɗaya suke ta gogar juna. Na koma, yaron ya ce oga ba ya nan, na sake komawa oga ba ya nan, kuɗin Keke Napep ɗina daga Yelwa har ya fi kuɗin duwatsun da nake bi. Sai a zuwa na uku na same shi, kuma in faɗi gaskiya bai yi musu ba, ya cika min ya ƙara biyu gyara, ya yi wa yaron faɗa a gabana kan maganar supa gulu har sai da na ce Malam ya isa haka.

Masu tambaya ko za a iya sa su a kayan amarya, ni dai ban ba da shawara ba. A hoto da cikin hasken fitila suna kyau, amma in aka jera da na gilashi a rana bambancin a fili yake, kuma wanki biyu uku sun dushe. Na wasan makaranta, kambin yara, adon hular yaro ranar hawan sallah, nan ne wajensu, ga rashin nauyi yarinya 'yar shekara bakwai ta wuni da kambi a ka ba ta ce wuyanta ba.

Ranar taron dutse biyu ne kawai suka faɗi, su ma wata ce a cikin yaran ta zauna tana ɓanɓara da farce. Zan koma shagon kafin ƙaramar sallah in ɗebi masu huji biyu na ɗinkawa da zare, amma a gabansa zan zazzage ledar in ƙirga, gam kuma da abina zan je.