Masu shimfiɗa littattafai a gefen Babbar Kasuwar Yamai: me ake samu, me za a duba

Wanda ke neman littafi da araha a Yamai, wurin masu shimfiɗa su a kan leda a gefen titi zai nufa, musamman kewayen Babbar Kasuwa. Ciniki ake yi, kuɗin farko da aka faɗa ba shi ne na ƙarshe ba.

Kayan kashi uku ne. Mafi yawa tsofaffin littattafan Faransanci ne na makaranta da ƙagaggun labarai. Sai na addini irin su Ahlari da Risala da Ishiriniya. Na Hausar boko ba su da yawa, galibi daga Kano da Zariya suke zuwa, shi ya sa za ka ga 'ya'ya a inda mu a Nijar muke rubuta ƴaƴa.

Wajen saya wa yaro na Faransanci ne sai uba ya buɗe ido. Yaro abin da ya karanta shi yake ɗauka duniya. In ƙanƙara da titunan Paris kaɗai ya sani a takarda, zai taso yana jin labarin da ya isa a buga a wani wuri yake faruwa. Ka haɗa masa da na gida: rubuce-rubucen marubucin Nijar Bubu Hama, ko littafin Abdullahi Mamani na 1980 kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet a 1899. Su ma da Faransanci suke, kuma ba kullum suke kan ledar ba. Ka ce, "Malam, a nemo mini," ka dawo bayan mako. Masu sana'ar sun san juna.

Kafin ka biya, kama littafin ta bango ka girgiza. Na hotokopi da aka liƙa da gam mai araha zafin Afrilu kan busar da shi, shafuka su zube. Bi lambobin shafi, musamman goman ƙarshe, can ne ake yawan rasa su. Ƙananan huji da burbushin ƙasa aikin gara ne. Kada ka kai shi gida, za ta bi sauran. Da damina ka sansana, warin danshi ba ya fita.

Na makaranta kuwa, duba shekarar bugu ka tambayi malamin aji tukuna, don tsohon bugu kan saɓa da tsarin karatun bana.