Alice 'yar Roosevelt: wane littafi ya cancanci kuɗinka?

Theodore Roosevelt, shugaban Amurka daga 1901 zuwa 1909, ya taɓa cewa ɗaya zai iya cikin biyu: ko ya mulki ƙasa, ko ya ji da Alice. Alice ɗin nan 'yar farinsa ce, mai shan taba a bainar jama'a, mai caca a tseren dawaki, mai yawo da ɗan koren macijinta Emily Spinach a cikin jaka. Ta rayu daga 1884 zuwa 1980, shekara 96, don haka an yi rubutu a kanta da dama. Duka da Turanci suke, kuma da dala ake sayen su, sai mutum ya zaɓa.

Wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne American Princess na Stephanie Marie Thornton, na 2019. Ƙagaggen labari ne, Alice ce ke ba da shi da bakinta. Yana da daɗin karatu, musamman inda ya taɓo tabon da ke tsakaninta da uban: mahaifiyarta ta rasu kwana biyu da haihuwarta, rana ɗaya da kakarta ta wajen uba, a gida ɗaya, shi kuwa ya miƙa jaririyar ga yayarsa Bamie, ya daina ambaton sunan marigayiyar. Wannan duk ya faru. Amma hirarrakin cikin ɗaki da abin da zuciyarta ke raya mata, marubuciyar ce ta saƙa su, kuma babu wata alama a shafi da za ta nuna maka inda tarihi ya tsaya.

Littafin Stacy Cordery mai suna Alice, na 2007, tarihi ne zalla, ya haura shafi 500. Cordery ta samu damar duba wasiƙun Alice da kundin da take rubuta sirrinta, kuma a nan ne maganar Paulina, 'yar Alice, ta fito fili. Alice ta auri ɗan majalisa Nicholas Longworth a Fadar White House a 1906, har ta yanka kek ɗin biki da takobi, amma 'yar da ta haifa a 1925, takardun sun nuna ta Sanata William Borah ce. Surorin siyasar majalisa suna da nauyi, ba a karanta su da gyangyaɗi. Duk da haka, in kuɗin littafi ɗaya gare ka, wannan zan ce ka saya.

Akwai kuma Crowded Hours, wanda ita da kanta ta fitar a 1933. Kada sunanta a bango ya ruɗe ka. Ta ba da labarin tafiyarta Asiya ta 1905 tare da William Taft, sakataren yaƙin Amurka a lokacin, har da ganawa da Sarauniya Cixi ta Sin, amma sirrin zaman aurenta ta kulle shi gam. Tsohon bugu ne, sai a wurin masu sayar da kwancen littattafai ta intanet.

Mai son ya ji kaifin harshenta ya nemi Mrs. L na Michael Teague, na 1981, hirarrakin da ya yi da ita ne a tsufanta, da hotuna. Mai saya wa yaro kuwa, What to Do About Alice? na Barbara Kerley ya ishe shi, littafin zane ne, babu Borah a ciki.