Altaneta: gyara, Beljiyam ko sabuwa?

Wani ɗan'uwa ya tambaya kan Corolla ɗinsa. Fitilar batir tana kamawa, da safe sai an tura, mai rewaya kuma ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke caja batir in inji na aiki. Yana son sanin wanne ya fi: a gyara, a sayi Beljiyam, ko a sa sabuwa fil.

Malam, kafin ka fitar da ko kwabo, a ɗora mita tukuna. Mota a kashe, lafiyayyen batir kan nuna wajen volt 12.6. In inji na aiki, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, a fara duba bel, da fis, da kan batir, domin sakin bel kaɗai yana hana caji. Kuma kada ka yarda a zare kan batir inji na aiki wai gwaji ne. Wannan al'adar zamanin Fijo 504 ce. Motar yanzu tana da ƙwaƙwalwa, wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙona ta.

In ta tabbata altanetar ce, ni gyara nake fara dubawa. Taka da ta zo da motar an yi ta ne daidai da ita, soket ɗinta da ƙarfinta duk sun dace. Abin da ya fi mutuwa a ciki ƙananan kaya ne: burushi ya cinye, ragileta ta daina daidaita wuta, ko boris ya bushe yana kuka, musamman bayan ƙurar hunturun nan tamu. Duk ana canza su da kuɗi kaɗan. Sharaɗi ɗaya, ka tsaya a buɗe a gabanka. Amma in koyil ya yi baƙi yana warin ƙuna, ban ba ka shawarar a sake naɗi ba, sai in ka san hannun mai naɗin sosai.

A nan ne Beljiyam take da rana. Ainihin ta kamfani ce, sai dai ba wanda ya san kilomita nawa ta ci a Turai. Ka riƙe tsohuwar ka shiga Sabon Garin Zariya da ita, a jera su biyu: yawan haƙoran soket, layukan fule inda bel ke hawa, ƙafafun ɗauri, da lambar ƙarfin da ke jiki. A yi maganar kwanakin gwaji kafin kuɗi su bar aljihunka. In ba a samu ba a Zariya, akwai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Sabuwa kuwa iri biyu ce. Ta ainihi, kamar Denso, ba ta da aibu sai tsada. Mai arhar nan mai ƙyalli a kwali ita nake sawa a ƙarshen layi, in ma za ka saya to da rasit da garanti a rubuce.

Ko wacce ka zaɓa, a caja batirin a waje ya cika kafin a ɗaura. Batir da ya yi ƙasa warwas yana sa altaneta aikin da ya fi ƙarfinta har ta yi zafi.