WhatsApp Business: daga "nawa ne?" zuwa shigowar alat

Atamfa, leshi da mayafai nake sayarwa daga gida a Kano. A Kantin Kwari nake saro kayan, shago kuwa ba ni da shi, wayata ce shagon. Masu tambaya ba su taɓa yi mini ƙaranci ba. Ki ɗora hoton leshi mai kyau a Instagram da daddare, kafin gari ya waye "Anti nawa ne wannan?" ta cika miki waya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin wannan tambaya da shigowar alat, a nan mutane ke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masu shaguna a intanet da wannan suke auna kansu: cikin mutum ɗari da suka leƙo, nawa ne suka biya. Ni ma da shi zan auna WhatsApp Business, ba da yawan kwalliyar da ke cikinta ba.

Manhajar ta fito a watan Janairun 2018, kyauta ce, kuma ta kamfanin Meta ce, masu Facebook da Instagram. Abu ɗaya da ya kamata a sani kafin a sauke: lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp ta kowa da kowa da kuma ta kasuwanci lokaci guda. Ko dai ki mayar da lambarki ta koma ta kasuwanci, ko ki sayi sabon layi, manhajojin biyu su zauna a waya ɗaya. Ni layi na ware. Rukunin dangi da na ƙawayen amarya suna iya binne saƙon mai son turmi biyar kafin ki idar da sallar la'asar.

Abin da ya fi komai amfani a cikinta shi ne kundin kaya, wanda aka ƙara a ƙarshen 2019. Kowane kaya ana sa masa hoto har goma, da suna, da bayani, da farashi, kuma kundin yana ɗaukar kaya har 500. Daga 2021 aka ba da damar rarraba su rukuni-rukuni, atamfa daban, leshi daban, mayafai daban. Wadda ta shigo za ta taɓa alamar shago a saman hira ta ga komai, ko ina barci.

Amma kundin nan ba ya kawo ciniki sai an rubuta farashi, kuma a nan nake rabuwa da yawancin abokan sana'ata. Al'adarmu ita ce a ɗora hoto a rubuta "shigo ta ciki a ji kuɗi". Na san dalilan. Wata tana tsoron kishiyar sana'a ta gani ta rage ɗari biyar. Wata tana so ta duba hoton mai tambaya tukuna, in ta ga alamar Abuja ce ta ɗan ɗaga. Wata kuma gaskiya ne farashi ba ya tsayawa, abin da kika saro wannan makon ba shi za ki tarar mako mai zuwa ba. Duk da haka ina ganin asarar ɓoye farashi ta fi ribarsa. Mace mai mutunci ba ta son ta tambaya, a faɗa mata, ta ga ya fi ƙarfinta, ta rasa yadda za ta fice daga hirar. Saboda haka ba ta tambaya ma. Wadda ke tambaya ba kunya sau da yawa 'yar kallo ce. Da na sa farashi a fili, saƙonni sun ragu, ba shakka, amma waɗanda suka rage saƙonnin masu kuɗi a hannu ne. Maimakon "nawa ne?", sai ki ga "Wannan mai ruwan toka akwai saura? Turo akawun."

Ba kuma ciniki ne ya mutu ba. Bahaushiya ko an rubuta mata farashi da jan biro sai ta taya. "Haba Hajiya, ba ragi?" tana nan daram. Bambancin shi ne yanzu daga farashina ake fara tayi, ba daga abin da ta raya a ranta ba, kuma idan na ce albarka ba ta jin an wulaƙanta ta, don ta riga ta ga lambar kafin ta shigo. Mai ɗaukar turmi uku nakan yi mata ragi da bakina, a saƙon murya, ta ji cewa ita aka yi wa.

Akwai kwando kuma, tun Disambar 2020. Mutum ya zaɓi kaya da yawa, ya turo su a saƙo ɗaya da adadinsu. Masu haɗa lefe shi ya fi yi wa amfani. A da hotuna ake turo mini ɗaya-ɗaya, an zagaye wani da ja, an ce "ba wannan ba, na kusa da shi". Sai dai ba kowa ya iya shi ba. Iyayenmu mata har yanzu hoton allon suke ɗauka su turo, ni kuma ba na gyara musu.

Sai kuɗin kai kaya, wanda a ganina ya fi farashin kayan kansa kashe ciniki. Ƙanina mai karatun kwamfuta ya nuna mini lissafin wata cibiya a Denmark, Baymard, da ke cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu zuba kaya a kwando a shagunan intanet ba sa kai wa ga biya, kuma babban abin da ke korar su shi ne ƙarin kuɗin da ke fitowa a ƙarshe. Ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake shawara a kansa. An gama ciniki lafiya, an ce turo akawun, sai ki ce "sai kuɗin mota zuwa Kaduna". Shiru. Ba don kuɗin ya yi yawa ba ko da yaushe, sai don ta riga ta rufe lissafinta a kai, kin zo kin buɗe. Kundin WhatsApp ba shi da gurbin da zai lissafa wannan da kansa. Dabarar da na yi ita ce na buɗe wani "kaya" a farkon kundin, hotonsa rubutu ne kawai: cikin gari kaza, Kaduna da Zariya kaza, Abuja kaza, Jos kaza, kuma a tasha za a karɓa, direba zai kira. Duk ranar da na je Unguwa Uku na ji kuɗi ya canza, a nan tsaye nake gyarawa.

Amsoshin ajiya su ne na biyu a wurina. Kina rubuta amsa sau ɗaya ki ba ta gajeren suna, in kin danna alamar / sai ta fito ki tura. Ana iya ajiye har 50, ni kaɗan nake amfani da su: lambar akawun, yadda ake aika kaya, bayanin cewa turmi yadi shida ne, da sharaɗin canji. Ga ta akawun yadda take, ban da lambar:

"Ga akawun Hajiya. Sunan da zai fito shi ne sunan da ke kan shafina, in kin ga wani daban kada ki tura. In kin tura ki turo rasit, zan ware miki kayanki yanzu. Mota tana tashi gobe da safe in sha Allahu."

Layi na biyun nan ya fi sauran aiki. Masu buɗe shafin bogi da hotunan mutane sun sa kowa tsoro, kuma mai tsoro ba ta cewa tana tsoro, "bari in yi magana da maigida" take cewa. Jimlar ƙarshe ita ma da gangan ce. Mutum in ya san ranar da kaya zai taso ya fi saurin tura kuɗi.

Saƙon maraba mai tafiya da kansa shi ne ban cika so ba. Yana zuwa ga wanda ya fara yi miki magana, ko wanda ya yi kwana 14 bai yi ba. Na ga masu cika shi da dogon jawabi da furanni. Dattijuwa ta yi miki sallama, inji ya amsa mata da sakin layi uku, ai an fara da rashin ladabi. Nawa gajere ne, amsa sallama da nuna inda kundin yake. Saƙon da ke amsawa da kansa in ba kya kusa kuwa yana da amfani, in dai za a faɗi gaskiya a ciki: ina kasuwa, zan amsa bayan magariba. Wadda ta san lokacin da za a amsa mata takan jira. Wadda aka bari a duhu shafin gaba take wucewa, kuma atamfar da ke hannuna tana hannun mutum hamsin a Kwari.

Lakabi masu launi da ake manna wa hira suna zuwa da manhajar: sabon mai saye, sabon oda, ana jiran biya, an biya, an kammala. Na ƙara nawa guda ɗaya, "zan dawo". Duk wadda ta ce haka nan nake jefa ta. Washegari da hantsi ina bi in tura saƙo ɗaya, ba na tambayar ko ta fasa, sai dai in ce "Anti, kayan nan da kika duba saura biyu, in ajiye miki ne?" Kuma sai in da gaske saura biyun ne. Masu ƙaryar "saura ɗaya" kullum, kwastoma na gane su. Daga wannan lakabin nake samun cinikin da a da yake salwanta, don da yawa ba fasawa suka yi ba, yaro ne ya yi kuka, ko wuta ta ɗauke, ko albashi ake jira. Saƙo ɗaya nake yi. Na biyu naci ne.

Launi fa? Mai sayar da yadi ta san shi ne tushen rigima. WhatsApp tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, ko da yake tun 2023 akwai zaɓin tura shi da inganci mafi girma, wato HD. Amma ko da wannan, wayarki daban, wayarta daban. Jan da kika ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki zai iya isa Sakkwato a matsayin ruwan goro. A inuwa nake ɗaukar hoto, da safe, in shimfiɗa farin ƙyalle a gefe don ido ya samu abin gwadawa. In na ga mace tana jan ƙafa, ba na ƙara mata hoto. Ɗan bidiyo nake yi, in warware turmin, in murza bakinsa da yatsa ta ji ƙararsa, in juya bayan ta gani, in ambaci sunanta a ciki don ta san ba tsohon bidiyo ba ne. Gani ya kori ji. Kundin kaya yana kawo mutum bakin ƙofa, amma wannan bidiyon da muryata su suka fi rufe ciniki, kuma babu maɓallin da zai yi miki su.

Inda manhajar ta gaza mana shi ne biyan kuɗi. A Indiya ana biya a cikinta. A Najeriya dole mai saye ta fita, ta buɗe manhajar banki, ta kwafi lamba, ta tura, ta ɗauki rasit, ta dawo. Kowane mataki ƙofar fita ce. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira, ta koya wa kowa tiransifa, har masu sayar da kayan miya, wannan ya taimaka. Amma ya zo da alat na bogi da rasit ɗin da aka gyara. Wata ta taɓa turo mini rasit tsaf da sunana, tana ta kira wai direba zai tashi. Na buɗe akawun, ba ko sisi. Ƙa'idata ke nan: ba rasit nake duba ba, balas nake dubawa.

Ga masu son biya da kati, musamman 'yan Legas da Abuja, ana iya buɗe shafin biya na Paystack a liƙa adireshinsa cikin amsar ajiya. Kamfanin 'yan Najeriya ne da Stripe ta Amurka ta saya a 2020. Suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000. A kan leshi mai tsada ba komai ba ne, ga shi kuɗi na shiga ba gardamar rasit. A kan mayafi mai ƙaramar riba kuwa sai an yi lissafi. Yawancin mutanena tiransifa suka fi yarda da ita.

Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, kada a dogara da shi. Mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Sitatus ma haka, sai kun ajiye lambar juna, kuma awa 24 yake yi ya ɓace. Shi ya sa nake roƙon a ajiye lambata a lokacin da kaya ya isa hannu, ana cikin murna, ba ranar farko ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi cin lokaci: kundin bai san kaya ya ƙare ba. Ba ya ƙirga saura. In kin sayar da turmin ƙarshe, ke za ki shiga ki ɓoye shi da hannu, in ba haka ba wata za ta zaɓa, ta sa rai, ki ce mata babu, kuma da wuya ta zaɓi wani. Gab da sallah, lokacin da kaya ke fita da sauri, nakan haɗa WhatsApp ɗin nawa da wayar ƙanwata, tun da ana iya haɗa na'urori har huɗu. Ita tana amsawa tana ɓoye abin da ya ƙare, ni ina ɗaure kaya ina rubuta lambobi a jikin leda. Mai kaya kala talatin ko hamsin za ta iya da wannan. Dilan da ke sauke bandir-bandir, kala ɗaruruwa suna shiga suna fita a yini, wannan kundin ba zai riƙe shi ba, shago na sosai a intanet yake buƙata mai ƙirga kaya da kansa, ya bar WhatsApp ta zama wurin gaisawa da ƙarasa magana.